Daga Sawakin zuwa Khor Shinab: bin sawun zafin inji a jirgin filafilai

Duk wanda zai haura Bahar Maliya daga gaɓar Sudan ya nufi Suwes a jirgin filafilai, da iska zai yi ta karo. Kusan duk shekara daga arewa take busowa a wannan yanki, takan lafa da asuba, hantsi na yi ta dawo da ƙarfinta. Ga kuma duwatsun murjani da suka yi wa gaɓar shinge, ba su bar filin da jirgi zai yi ta karkata hagu da dama yana cin iska ba. Saboda haka ɗan injin dizal ɗin da aka sa wa jirgin don shiga tasha da fita, shi ne yake komawa ɗaukar tafiyar gaba ɗaya. Mun bi wannan hanya a watan Maris, kafin yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023, a jirgi mai tsawon mita 11. Injinsa silinda uku ne, ƙarfin doki 27, kuma kula da shi ne aikina a cikin jirgin.

Sawakin ba baƙon suna ba ne a kunnen Bahaushe. Nan alhazan da suka tako ƙasa daga Kano da Sakkwato da Borno suke jiran jirgin tsallakawa Jidda, har yau ma jiragen fasinja na tashi daga nan zuwa can. Tsohon garin yana kan tsibiri, da dutsen murjani aka gina shi, ya kuma shiga zubewa tun da Turawan Ingila suka kafa Bur Sudan a 1905 suka kwashe harkar tasha suka mai da ita can. Daf da kangayen nan jiragen filafilai suke jefa anga. Abin da idon bakanike zai lura da shi daban ne: ruwan wurin a kwance yake, da ɗumi, ga guntayen ciyawa ga leda suna yawo a cikinsa.

Injin irin wannan ba shi da lagireto da fanka kamar na mota. Ruwa iri biyu yake aiki da su, kuma ba sa gauraya. Na ciki ruwan daɗi ne haɗe da maganin hana tsatsa, yana zagaya jikin injin yana kwaso zafi, famfon da bel ɗin altaneta ke juyawa ne yake tura shi. Na waje ruwan teku ne. Yana shigowa ta wani bawul da ke ƙasan jirgi, ya bi ta rariya, ya isa famfo mai imfela, wato 'yar fankar roba mai fukafukai da ke tura ruwa, daga nan ya ratsa ƙananan bututun tagulla da ke cikin lagireton jirgi, inda yake karɓe zafin ruwan ciki ta jikin bututun. A ƙarshe ya zuba cikin gwiwar salansa, ya haɗu da hayaƙi ya sanyaya shi, su fita tare ta bayan jirgi. Wanda ya riƙe wannan jeri a ka ya yi rabin aiki, domin a injinan jiragen nan mafi yawan ɗaukar zafi daga layin ruwan teku yake fitowa, kuma bin layin daga mashiga zuwa mafita ya fi sauri da araha a kan kwance abin da ka fara zargi.

Mun fita da asuba muka bi hanyar ciki, tsakanin gaɓa da duwatsun Towartit, mun nufi Bur Sudan, tafiyar mil talatin na teku ko kusa da haka. Kafin ƙararrawar zafi ta yi kuka, salansa ce ta fara ba da labari. Ƙararta ta sauya daga fantsamar ruwa lokaci-lokaci zuwa wani amo busasshe mai kauri. Na leƙa baya: hayaƙi kawai, ba ɗigon ruwa. A irin wannan hali ba a tsaya duba allurar ma'aunin zafi ba, kashe inji ake yi. Tiyon salansa na roba ne, tukunyar salansar kuma a yawancin jirage ta filastik ce, ruwan nan ne kaɗai ke hana hayaƙi mai zafin ɗaruruwan digiri ya narkar da su, kuma mintoci kaɗan sun ishe shi. Kyaftin ya buɗe filafilin goshi, ya juya wa iska baya don jirgin ya ci gaba da jin sitiyari a tsakanin duwatsu, sannan na ja abin kashewa. Da a ce ruwa na fita daga salansa, da rage wuta zan yi in cire giya in bar injin yana juyawa a hankali, don hakan ya fi saurin sauke zafi a kan kashewa nan take. Murfin lagireto kuwa ba a taɓa shi sai inji ya huce, ruwan da ke ƙarƙashinsa a matse yake, tafasasshe.

Na rufe bawul ɗin ƙasa na buɗe rariya. Ciyawa kaɗan ce a ciki, ba ta isa ta tsai da ruwa ba. Sai na zare tiyo daga bakin bawul ɗin na buɗe shi: maimakon ruwa ya yi tsiri sama, tsiyaya kawai yake yi. Toshewar daga waje take ke nan. Muka ɗauko famfon ƙafa na hura ƙaramin kwalekwalen roba, muka manna bakinsa a bawul ɗin muka taka sau biyu da ƙarfi, aka ji kumfa ta fashe a ƙarƙashin jirgi, ruwa ya taso da ƙarfinsa. Leda ce. Ita leda tana da wata mugunta: sau da yawa da an kashe inji tsotson ya tsaya, sai ta saki ta tafi abinta. Ka duba ko'ina ka ga lafiya, ka ce ai ya wuce, alhali ta riga ta yi ɓarnarta a cikin famfo.

Imfela da ruwa take samun santsi da sanyi. In ta juya a bushe na 'yan mintoci, fukafukanta sukan ƙone su tsage. Don haka duk lokacin da ruwa ya yanke, buɗe famfon dole ne ko da ya dawo. Na shimfiɗa tsumma a ƙarƙashinsa tukuna, domin notikan murfin ƙanana ne, wanda ya faɗa ƙasan inji ya tafi ke nan. Da filaya ake kama cibiyar imfelar a jawo ta a miƙe. Masu sa sukundireba biyu suna banƙarowa suna lotsa leɓen famfon, wanda na tagulla ne mai laushi, daga baya murfi ya ƙi zama. Tamu fukafukai shida gare ta, huɗu suka fito.

Ko imfela ta fito da fukafukanta cif, akwai abin dubawa. A lanƙwasa kowane fiffike a duba gindinsa ko ya fara tsagewa. A riƙe robar a murɗa cibiyar ƙarfen: wani lokaci mannin da ke tsakaninsu yakan saki, cibiya tana juyawa roba na tsaye, ido ya ga imfela sabuwa fil amma ba ta tura ko cokali ɗaya. A duba cikin murfin, in imfela ta ci shi ta yi masa zobe mai zurfin da farce ke kamawa, famfon zai riƙa shaƙar iska. Maganin gaggawa shi ne a juya murfin a yi amfani da bayansa in ba rubutu a jiki, ko a goge shi da samfefa mai laushi a kan gilashi. Sabuwar imfela da sabulun wanke kwano ko gilisarin ake shafe ta, ba da giris ɗin mota ba, don yana kumbura wannan roba. Gasket ɗin murfin siririyar takarda ce da gangan. In aka yanko mai kauri daga kwali, an buɗe rata tsakanin imfela da murfi, tsotso ya ragu. Ni kuma duk sanda na rufe bawul ɗin ƙasa, a hannunsa nake rataye makullin inji, don kada wani ya tayar a bushe.

Saura fukafukai biyun da suka ɓata. Ba narkewa suka yi ba, gaba ruwa ya tafi da su. Na bi tiyon da ya tashi daga famfo zuwa lagireto, na kwance murfin gefen da ruwan teku ke shiga, sai ga su a kwance a bakin bututun, sun rufe ramuka da dama, tare da wani tsohon guntu da ya taurare, wanda launinsa ya nuna ba na wannan imfela ba ne. Ana jera guntayen a jikin tsohuwar imfelar har sai ta cika. In ba ta cika ba, da saura a hanya. Muka tayar, ruwa ya fito, allura ta tsaya a digiri 80, muka shiga Bur Sudan da la'asar.

A Bur Sudan ba a wahalar samun mai jin Hausa, jikokin alhazan da tafiya ta tsaya musu a nan suna cikin kasuwa da garejoji. Wani dattijo mai gyaran injinan masunta ya karɓi tsohon guntun nan ya jujjuya shi, ya kankare farin abin da ya manne masa da farce.

"Ɗana, yaushe rabon da a wanke bututun?"

"Baba, mai jirgin ya ce bai taɓa ba tun da ya saya."

"To ka sayi ruwan khal kafin ku tashi. Ruwan nan namu, in ya ji wuta dutse yake zama."

Maganarsa tana kan hanya. Gishirin Bahar Maliya ya kai giram 40 a lita, na yawancin tekuna kuwa 35 ne. A watan Maris ruwan gaɓar Sudan yana wajen digiri 26, da bazara yakan haura 30. Injin da lagiretonsa ya toshe rabi zai iya shekaru yana aiki lafiya a ruwan Turai mai sanyi, ranar da ya shigo nan asirinsa yake tonuwa. Kuma ruwan teku in zafinsa ya wuce digiri 60 yakan fara zubar da farar ƙasa a jikin ƙarfe. Shi ya sa tsofaffin injinan da ruwan teku ke ratsa jikinsu kai tsaye ake sa musu tamostat, wato bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanya in inji ya ɗauki zafi, mai buɗewa da wuri, wajen digiri 40 zuwa 50, mai ruwa biyu irin namu kuwa sai ya haura 70. Sa wa ɗaya tamostat ɗin ɗayan kuskure ne mai tsada. Na sayi lita biyar na khal, da tataccen ruwan da ake ƙara wa batir, marar asid, da zoben roba masu girman na murfin lagireto.

Daga Bur Sudan muka wuce duwatsun Wingate, inda jirgin Italiya mai suna Umbria yake kwance tun 1940, lokacin da ma'aikatansa suka nutsar da shi da gangan da lodin bama-bamai a cikinsa. Can gabas akwai Sanganeb da hasumiyar fitilarsa, wurin da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2016 tare da gaɓar Dungonab. Da hantsi iska ta tashi, igiyar ruwa gajera mai tsayi ta fara dukan goshin jirgi, dole aka ƙara wuta. A nan zafi na biyu ya bayyana, kuma halinsa daban ne. A juyi 2,000 a minti allura na zaune a 80. An kai 2,600 sai ta fara rarrafe: 85, 88, 92, cikin kwata na awa. A rage wuta ta sauko. Ruwa na fita daga salansa, sai dai da farin tururi mai ɓacewa nan da nan, ba hayaƙin da ke doguwar jela ba.

Yadda zafi ya zo shi yake nuna inda za a nema. Wanda ya taso farat ɗaya, wani abu ne ya yanke gaba ɗaya: leda, imfela, bel da ya tsinke, tiyon da ya fashe. Wanda ke hawa a hankali sai an matsa wa inji, hanya ce ta ƙuntata, ruwa na wucewa amma bai isa ba. Wanda kuma ke hawa ko inji na zaman banza alhali ruwan teku na fita da yawa, a nemi laifin a layin ruwan ciki.

Muka lallaɓa da ƙaramar wuta zuwa Marsa Fijab. Irin waɗannan mashigai ana shigarsu ne rana na sama, mutum ɗaya a goshin jirgi yana karanta launin ruwa: shuɗi mai duhu zurfi ne, kore yashi ne, ruwan ƙasa-ƙasa murjani ne, a kauce. Da muka jefa anga, kafin in taɓa sifana sai da na yi awo biyu. Na farko bokiti mai lita 10 a bakin salansa, inji a juyi 2,000: ya cika a daƙiƙa 75. Na biyu ma'aunin zafi irin na bindiga da ake haskawa daga nesa. Ruwan teku na shiga lagireto a 27, yana fita a sama da 50. A lafiyayyen inji tazarar ba ta cika wuce digiri goma da 'yan kai ba. Tazara mai faɗi tana nufin ruwan ya yi kaɗan, yana daɗewa a ciki. Da a ce tazarar 'yar kaɗan ce inji kuma na zafi, da sai in ce ruwa na wucewa amma ɓawon farar ƙasa ya hana zafi tsallakowa. Tiyon salansa bayan gwiwa, wanda ya kamata hannu ya iya daɗewa a kansa, ba ya taɓuwa.

Kafin kwance manyan abubuwa, akwai ƙanana uku da ke kawo irin wannan ciwo. Murfin rariya in zobensa ya bushe, famfo na jan iska ta nan, za a ga kumfa na wucewa in murfin mai gani ne. Tiyon tsotso in ya tsufa ya yi laushi, yakan lotse ya manne sa'ad da aka ƙara wuta, ya koma daidai in an rage, don haka sai inji na gudu ake kama shi. Sai bel: a danna tsakiyarsa da babban yatsa, kada ya nutsa fiye da milimita 10, kuma baƙar ƙura a gaban inji alama ce yana zamewa. Namu duka uku lafiya.

Na zuƙe ruwan ciki a jarka, na kwance murafun lagireto biyu, na yi wa damin bututun alama don ya koma yadda ya fito, na turo shi da katako. Ana ɗaga shi a saitin rana a leƙa. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ramukan ba sa wuce haske, sauran ma sun tsuke, kamar butar shayin da aka daɗe ana dafa ruwan rijiya a ciki. Da siririn tsinken katako ko sandar tagulla mai laushi ake zurara su ɗaya bayan ɗaya. Waya mai tauri ko bakin dirila na iya huda bututu, in kuwa ya huje ruwan gishiri ya shiga jikin inji, an sayi babbar matsala da kuɗin ƙarama. Bayan zurarawa na nutsa damin cikin khal ya kwana. Khal ba shi da sauri amma bai cika cin ƙarfe ba. Asid mai ƙarfi yana gama aikin cikin mintoci, sai dai yana cin tutiya da alminiyom da dalma. Wanda zai yi amfani da shi ya tsarma shi sosai, ya zuba asid cikin ruwa ba ruwa cikin asid ba, ya cire da zarar kumfa ta tsaya, ya ɗauraye da ruwa mai yawa. In lagireton na da sandar tutiya mai kare shi daga cin gishiri, a cire ta kafin wanki, in ta cinye rabi a sauya, don guntayenta ma suna toshe bututu.

Gwiwar salansa ita ce wurin da aka fi mantawa, ita ce kuma ta fi ba ni aiki. A nan ruwan gishiri ke haɗuwa da hayaƙi mai zafi, baƙin gawayi da farar ƙasa da tsatsa suna taruwa shekara da shekaru, musamman a injin da aka saba barinsa yana zaman banza don cajin batir. Gwajinta mai sauƙi ne: a zare tiyon ruwa daga jikinta a sa a bokiti, a tayar da inji na daƙiƙa goma kacal. In ruwa ya fito da ƙarfi a nan alhali a bayan jirgi kaɗan ne, ita ce. Da na kwance tamu, ramin shigar ruwan da ya kamata yatsa ya shige bai fi kaurin fensir ba, hanyar hayaƙin ma ta tsuke. Wannan yana rage wa inji ƙarfi, ya sa shi baƙin hayaƙi, ya hana shi kai cikakken juyinsa. Na fasa dattin da ƙaramar kurfi da guduma a hankali, na jiƙa ta ita ma. Sai dai gwiwar da ta kai wannan hali ta kusa ƙarewa. A ƙwanƙwasa jikinta, in ya yi siriri ko akwai ɗigon tsatsa a waje, bangon ciki na iya hujewa ruwa ya koma silinda ta bawul ɗin hayaƙi. Tamu ta isa ta kai mu Masar, can kuma sauyawa ce.

Tun da ruwan ciki na waje, na cire tamostat na rataye shi da zare cikin tukunya a kan risho, ma'aunin zafi a gefe. Ya fara buɗewa daidai da lambar da aka buga a jikinsa, ya gama buɗewa kafin ruwa ya tafasa. Ba na goyon bayan cire tamostat a jefar, yadda ake yi wa motoci a garejojinmu. A yawancin injinan nan shi ne kuma yake rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji ba tare da ya shiga lagireto ba, cire shi na iya ƙara zafin maimakon rage shi. Na duba robar murfin lagireto, don murfin da ba ya riƙe matsi yana sa ruwa tafasa da wuri. Sandar awon baƙin mai ba ta nuna fari-fari kamar an zuba madara ba, ba kuma kumfa mai tasowa a wuyan lagireto in inji na juyawa, wato gasket ɗin kan silinda bai ƙone ba. Ruwan ciki rabi maganin tsatsa rabi tataccen ruwa na haɗa, iri ɗaya da wanda ke ciki, don gauraya iri biyu kan yi kunu. Ana zubawa a hankali, a tayar da murfi a buɗe har tamostat ya buɗe iska ta fita, a cika, a sake dubawa bayan ya huce. Jirgin da ke da tankin ruwan wanka mai ɗumama da inji ya fi riƙe iska a tiyonsa.

Yaron jirgi ya nutsa da tabarau ya kankare farfela, wadda ƙananan katantanwa suka fara mannewa. Farfela mai datti ko igiyar da ta naɗe a sandarta suna ɗora wa inji nauyi, nauyi kuma zafi ne.

Da muka haɗa, bokitin nan ya cika a daƙiƙa 40. Washegari da asuba muka fita, muka bar injin a juyi 2,800 na awa guda cur yana fuskantar iska, allura ba ta wuce 82 ba. Haka ta zauna muka wuce tsibiran Taila da bakin Dungonab har Khor Shinab, doguwar mashiga mai ratsawa cikin hamada tsakanin tsaunuka.

A can muka tarar da wani jirgin da sandar famfonsa ta lalace, ba shi da na sauyi, tasha mafi kusa kuma tafiyar kwanaki ce. Abin da muka haɗa masa zai fitar da kowa daga irin wannan rami: famfon lantarki na wanke dandamalin jirgi, tiyonsa na tsotso a bakin rariya, na turawa kai tsaye a bakin lagireto, an tsallake mataccen famfon. Zai tafi da matsakaiciyar wuta, ido na kan allura. Sharaɗinsa ɗaya ne, kuma ba a wasa da shi: sai inji ya tashi ake kunna famfon, a kuma kashe shi kafin a kashe inji. Hayaƙi ne ke tura ruwa waje daga tukunyar salansa, in babu shi tukunyar cika take yi ruwa ya gangaro cikin silinda. Wannan dalili ne ya sa ko da famfon asali, in inji ya ƙi tashi aka yi ta murza makulli har jimillar daƙiƙa 30, sai a rufe bawul ɗin ƙasa a ci gaba da gwadawa, a buɗe shi da zarar injin ya kama.